Injin niƙa ya ciyar da ni, ya kuma tafi da jina

Ina ɗan firamare mahaifinmu ya rasu, ya bar Inna da mu ƙanana, babu gona babu jari. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna aka rarraba mu, ni na faɗo hannun Baffa, ƙanen mahaifina, mai injin niƙa a bakin kasuwar unguwarmu a Zariya. Riƙon ɗa ya yi mini, Allah ya jiƙansa da rahama. Da safe in tafi makaranta, ana tashi in zarce shago da kayan makarantar a jikina. Da shara na fara, sai awon hatsi, sai tarar gari a bakin inji, har na kai ga tayar da injin da hannuna.

Rumfar ta kwano ce sama da ƙasa. A tsakiya akwai tsohon injin Lister mai shan gas, doguwar bel ta taso daga jikinsa tana juya injin gari, ga na ɓarza a gefe, ga na markaɗe can kusa da ƙofa. Salansarsa ta daɗe da fashewa, ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kanta tunda inji yana aiki. In duka suka tashi, kwanon nan ya riƙa mayar da ƙarar cikin ɗaki, har a ƙirjinka za ka ji ta. Ba a magana a ciki, da hannu ake komai. Yatsa biyu mudu biyu ke nan, in mace ta murza yatsunta tana so a yi laushi, in Baffa ya yanki iska da tafin hannu a kashe inji. In ta kama dole sai an yi magana, sai ka kafa bakinka a kunnen mutum ka yi ihu.

Kwanakin farko in na koma gida kunnena a toshe yake, da wani siririn kuka a ciki da ba ya barina barci da wuri. Na gaya wa Baffa. Ya dafa kaina ya ce, "Kunnenka ne bai saba ba, ɗana. Kowa da haka ya fara." Da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi ma abin da maigidansa ya gaya masa ke nan. Kuma a ganina maganarsa ta tabbata, domin ba a jima ba ƙarar ta daina damuna. Har alfahari nake yi in na ga sabon yaro yana yamutsa fuska yana toshe kunne da yatsu, ni kuwa ina iya gyangyaɗi a kan buhun masara inji na ruri a gefena.

Baffa kuwa da ƙarfi yake magana ko a cikin gida. In ya kunna rediyo zai ji labaran BBC, maƙwabta ba sa bukatar kunna tasu. Duk tsofaffin masu niƙan da na sani haka suke, sai ka maimaita musu magana, sai su karkato maka da gefen kai. Mun ɗauka tsufa ne. Ban taɓa jin wani ya haɗa abin da inji ba.

Da ƙarfinsa ya ƙare ya damƙa mini shagon. Ba zan ci amanar sana'ar nan ba, ta yi mini komai. Da ita na yi aure, da ita na yi ginin da muke ciki, da ita na riƙe Inna har ta koma ga Allah. Lokacin azumi tun bayan asuba ake jera robobin wake da gero, markaɗen ƙosai da ƙullun kunu, ba ma kashe inji sai la'asar ta yi sanyi. Gab da salla kuwa har dare muke kaiwa. A lokacin in ka ce mini wannan cinikin da nake murna da shi yana cire mini wani abu, ba zan gane maganarka ba. Babu ciwo, babu jini, babu ruwa da ke fita daga kunne.

A gida abin ya fara bayyana. Maiɗakina ta yi magana daga madafa, in yi shiru. Ta sake, in ce, "Na'am? Me kika ce?" Da farko tana maimaitawa, daga baya ta koma cewa, "Shi ke nan, Malam, ba komai." Shekaru ta yi tana zaton share ta nake yi da gangan, har ta kai ƙarata wurin yayata cewa na daina kula ta. Ni kuma a nawa ɓangaren gani nake kowa ya koma magana a ciki-ciki. Ina jin sautin muryar mutum sarai, kalmomin ne ba sa fita. Muryar maza manya da sauƙi, ta mata da ta yara ce ke kuɓuce mini. In wuri ya yi hayaniya, kamar wurin ɗaurin aure ko majalisarmu ta bayan isha'i, sai in zama baƙo a cikin abokaina. In sun yi dariya in yi, ban san abin da aka faɗa ba. Wasu suka ce na yi kuɗi na fara girman kai, don an yi mini sallama a hanya ban amsa ba. A hankali na rage fita majalisar. Waya ma na fara gudunta, in ta yi ƙara sai in miƙa wa yaro.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na masallaci da na karatun yara. In aka ɗauke wuta lasifika ta mutu, ina sahun baya, ba na jin kabbarar liman, sai dai in bi motsin na kusa da ni. 'Yata ta fari, mai sunan Inna, da nake kira Mamana, takan zo da Alƙur'aninta da daddare ta ce, "Baba, ka saurara mini haddata." In karɓa in buɗe, ta fara, ina kallon bakinta ina bin layi da yatsa, amma ba zan iya rantsuwa cewa ta faɗi harafin daidai ko ta kauce ba. Sai in ce madalla. Ta tashi tana murna, ni kuma in daɗe a zaune.

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe jihar Kaduna saboda korona. Tun ina yaro ban taɓa yin kwanaki a jere ba tare da inji ba sai wannan karon. Gari ya yi tsit, kuma a cikin tsit ɗin na gane cewa ni ba ni da shiru. Akwai kuka a kunnuwana biyu, siriri, ba ya tsayawa dare da rana. Ashe ya daɗe yana nan, ƙarar inji da gajiya ne suke rufe shi. Na yi ta juyi a shimfiɗa, har na fara tunanin ko iska ce ta shafe ni, ko wani ne ya yi mini aiki. Sannan aka shiga sa takunkumi. Ranar da aka ba da damar fita sayen abinci na tsaya gaban mai shago, bakinsa a rufe, yana magana, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. A nan na san cewa na daɗe ina ji da idona, leɓen mutane nake karantawa ban sani ba.

Aka shiga neman magani irin namu. Wannan ya ce a ɗiga man zaitun, wancan ya ce man habbatussauda, wani ya kawo turare. A kemis aka ce datti ne, aka ba ni maganin ɗigawa, aka wanke kunnen. Duk wanda ya ba ni shawara don ƙauna ya ba ni, amma kukan bai ragu ba, jin bai ƙaru ba.

Abin da ya tashe ni tsaye ya faru ne wani dare da damina. Ina zaune a zaure, ƙaramin ɗanmu da ke fama da zazzaɓi ya fara jijjiga a ɗaki. Uwarsa ta riƙe shi tana ƙwala mini kira, tsakanina da ita tsakar gida ce kawai. Maƙwabcinmu da ke bayan katanga ya ji, ya zagayo a guje ya same ni zaune ina jan carbi. Shi ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti. Allah ya tashi kafaɗar yaron, yau yana makaranta. Maiɗakina ba ta ce mini komai ba a daren, sai da aka sallame mu ta zauna kusa da ni, ta juyo da fuskarta saitin tawa ta ce, "Malam, don Allah ka je a duba kunnen nan. Na yi ta kiranka." Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba.

Wani ma'aikacin jinya a unguwarmu ya ce in tafi Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka fi sani da asibitin kunne, gwamnatin tarayya ce ta kafa ta a 1999. Ga shi kusa da mu, amma ban taɓa jin labarinsa ba. Likita ya haska cikin kunnen ya ce dodon kunnena lafiya lau, babu datti, babu ciwo. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da ƙarar waje ba ta shiga, aka ɗora mini abin sauraro a kai, aka ce duk lokacin da na ji sauti in danna maɓalli. Masu kauri ina jin su. Da aka koma sirara sai na ga ma'aikaciyar tana kallona ta gilashi, ni kuma ina jiran a fara.

Da likita ya karɓi takardar, bai tambaye ni komai ba sai da ya ce, "Malam, aikin me kake yi?" Na ce niƙa. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini a takardar gwajin inda layin da ke nuna ƙarfin jina ya faɗa rami a kunnuwa biyun, wajen lamba 4,000, wato ɓangaren sautuka sirara. Ya ce wannan ramin shi ne tambarin ƙara, a wurin masu niƙa da masu walda da 'yan katako da ma'aikatan masaƙa ake ganinsa. Ya ce shi ya sa haruffa irin su s da sh da ts da f suka fara ɓace mini, domin su ne sirara, kuma su ne ke bambanta kalma da kalma.

Ya zana mini yadda abin yake. Bayan dodon kunne akwai 'yan ƙasusuwa uku, bayansu akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su. In an huta sukan farfaɗo, wannan shi ne toshewa da kukan da yaro ke ji ranar farko. In aka ci gaba kullum sai su mutu, kuma jikin ɗan Adam ba ya sake fitar da wasu. Na ce masa ai ni kunnena ya saba tun ina yaro. Ya ce, "Babu kunnen da ke sabawa da ƙara, Malam. Ranar da ka ji ta daina damunka, ranar jin ya fara raguwa." Na tambaye shi magani, ko allura, ko aiki. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, aikinmu yanzu shi ne tsare wanda ya rage.

Haƙoran injin niƙa in sun cinye muna kwancewa mu kai a wasa su, su dawo sababbi. Duk rayuwata na saba da cewa abin da ya lalace ana gyara shi. A mota, hanyar komawa Zariya, wannan ne ya tsaya mini a rai, cewa akwai abin da na cinye a jikina wanda babu mai wasa shi. Na tuna Baffa da rediyonsa, na tuna yadda ya ƙare rayuwarsa a zaune a ƙofar gida jikoki na wasa a gabansa ba ya jin abin da suke ce masa. Na yi kuka a motar nan, ban ɓoye ba.

Na ɗau lokaci ina tunanin sayar da injin. Amma da me zan ciyar da gida? Kuma in na sayar, wani zai saya ya zuba yaran mutane a ciki kamar yadda aka zuba ni. Sai na koma kan lissafin da likitan ya yi mini. Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibal. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Daga 85 haɗari ke farawa in mutum zai yi awa 8 a ciki, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, in ta kai 100 minti 15 ne kawai. Ya ba ni ma'aunin da ba ya bukatar na'ura: in mutum yana tsaye nisan hannu daga gare ka amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, wurin ya kai inda ake tsoro. Mu da ko ihu ba ya isa, sai nuni, kowa ya yi wa kansa hisabi.

Salansa na fara saya. Na fitar da injin gas ɗin bayan rumfa na yi masa ɗaki na bulo, bel kawai ke shigowa ta taga. Na sa roba a ƙarƙashin injinan don rage girgiza, na daina barin kusoshi a kwance suna kaɗawa. Da gas ya yi tsada na haɗa na'urar juya inji mai aiki da lantarki, in akwai wuta ita muke amfani da ita, ƙararta ba ta kai ta wancan ba, ko da yake ƙarafan niƙan kansu suna nan da tasu. Benci na masu jira na mayar da shi waje ƙarƙashin bishiya. Mace mai goyo ba ta shigo mini rumfa, a ƙofa ake karɓar kayanta. Wasu sun ji haushi da farko, suna so su tsaya a kan niƙansu kada a rage musu gari, sai na yi musu bayani.

Sai abin toshe kunne. Auduga da muke cusawa wani lokaci ba ta tare komai na kirki. Akwai na soso da ake sayarwa a shagunan kayan aikin gini da na kariya, ba shi da tsada. Ana murza shi ya yi siriri, ka zagaya da hannu ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura shi, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin. In an sa shi a baki-baki ba ya aiki. In ya yi datti a sauya, don hannun mai niƙa ba ya rabuwa da gari da baƙin mai. Akwai kuma mai kama da kofi biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya, shi nake ɗorawa a kan na soson in zan daɗe a bakin inji. A shagona yaro ba ya taɓa inji sai da shi, kuma ba wanda ke yini a ciki, ana karɓar juna a fita a huta.

'Yan'uwana masu niƙa sun yi mini gardama, kuma gardamarsu tana da tushe. Suka ce mai niƙa da kunne yake sanin lafiyar injinsa, da kunne yake gane bel ta saki ko ƙarfe na cin ƙarfe, in ya toshe ya zai sani? Ni ma na ji wannan tsoron. Abin da na gani shi ne toshewar ba ta kashe sauti, rage shi take yi, kana jin injinka sarai, har ka fi gane canjin muryarsa tunda kunnen bai gaji ba. Wanda ba ya jin injinsa da gaske shi ne irina, da ya yi shekaru babu kariya. Wasu sun karɓa. Wasu sun ce komai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, da ita nake rarrashin kaina kullum, amma yaron da uwarsa ta kawo maka ya koyi sana'a amana ne, kuma yanzu da na san abin da ƙarar ke yi ba ni da hujjar da zan kai gaban Allah in na bar shi haka.

Daga baya na tara kuɗi aka gwada ni aka sa mini na'urar ƙara ji. Masu sha'awa su sani, ba a sayen ta a kasuwa kamar tabarau, sai an daidaita ta da takardar gwajin mutum, in ba haka ba tana iya ƙara ɓarna. Ba ta mayar da ni yadda nake da ba. A taro har yanzu ina wahala, tana cin batir, kuma ba na shiga rumfa da ita saboda ƙara da ƙurar gari. Amma ina jin liman, ina jin sallama, na koma majalisa. Kukan kunnen yana nan, da daddare nakan bar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa don ya rage mini shi. A gida an koyi yadda ake yi mini magana: a zo gabana, a bari in ga fuska, a yi a hankali. Ihu ba ya taimakona, ƙara dagula kalmomin yake yi. In an ce "bar shi kawai, ba komai" don an gaji da maimaitawa, wannan ya fi komai yi wa mai irin lalurata ciwo.

Yanzu idona ya buɗe, ina ganin abin ko'ina. Matan aure da ke markaɗe da ƙaramin inji mai fetur a tsakar gida, yara na rarrafe a gefe. Janareta a gindin tagar ɗakin kwana. Gidan biki an jera lasifikoki, an zaunar da masu jarirai a gabansu. Masu Keke Napep da suka cika bayan kujera da sifika. Babban ɗana ma na same shi yana kwana da iyafis a kunne, ina tsaye a gefe ɗan'uwansa na ce mini har nan ana jin kiɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro, ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin waya. Ban yi masa faɗa ba. Takardar gwajina na ɗauko na nuna masa ramin, na gaya masa abin da ya faru daren da ƙanensa ya yi jijjiga, don lokacin yana barci bai sani ba.

Yaran shagona na kai su an gwada su. Babban cikinsu, wanda ya fi daɗewa tare da ni tun kafin in gyara wurin, an ga ramin ya fara a kunnensa na hagu, bai kai ashirin da biyar ba. Na mayar da shi kan awo da karɓar kuɗi a waje, kuma duk shekara zan riƙa mayar da shi a sake dubawa. A taron masu niƙa na yankinmu na kawo shawarar mu riƙa haɗa kuɗi muna sayen abin toshe kunnen nan kwali-kwali, a raba wa kowane shago, kuma kada a karɓi sabon yaro sai an ba shi nasa tun ranar farko. Ba a gama amincewa ba, an ce a sake zama bayan salla, kuma zan je da takardata da ta yaron nan.